Hattara da masu sayar da gurbin digiri na biyu na EMLE

Jama'a, musamman waɗanda suka karanci shari'a ko tattalin arziki kuma suke neman ƙaro karatu, a yi hattara. Akwai 'yan damfara da ke yawo a WhatsApp da Telegram suna kiran kansu wakilan shirin EMLE, digiri na biyu na haɗin gwiwa a fannin shari'a da tattalin arziki. Wai suna da guraben Erasmus Mundus, wato tallafin karatu na Tarayyar Turai, a hannu, ka biya su ajiye maka ɗaya.

Abin da ya sa suke cin kasuwa shi ne shirin na gaske ne. Tun 1990 ake yin sa, kuma jami'o'i irin su Rotterdam a Holand, Hamburg a Jamus, Ghent a Beljiyam da Aix-Marseille a Faransa suna ciki. Karatun shekara ɗaya ne, zango uku, ɗalibi yana sauya jami'a tsakanin zangunan, ya rubuta kundin bincike a na ƙarshe. Duk wanda ya bincika sunan a intanet zai same shi, sai hankalinsa ya kwanta. To a nan ake kama shi.

Ku dubi takardar da suke turowa da kyau. Ga tutar Tarayyar Turai mai taurari 12 a sama, ga hatimi, ga sa hannu, abin gwanin sha'awa. Amma imel ɗin da ta fito daga ciki na Gmail ne, ba adireshin wata jami'a ba. Asusun da za a zuba kuɗin kuwa sunan mutum ne a kai. Wani lokaci ma takardar na cewa ofishin Tarayyar Turai ne ya zaɓe ka, alhali ba haka ake yi ba: gamayyar jami'o'in da ke gudanar da shiri ita ke tantance takardu ta zaɓi ɗalibanta, kuma kai da kanka kake cike fom a shafinsu. Babu ɗan tsakiya. Wanda bai ga sakamakonka na digirin farko ba, bai nemi shaidar jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL ba, ta yaya ya ba ka gurbi?

Kuɗin kuma ba sau ɗaya suke karɓa ba. Yau na ajiye gurbi, gobe na inshora, jibi na biza, kullum da "sauran awa kaɗan a rufe". Tallafin Erasmus Mundus na yanzu Yuro 1,400 ne a wata, ɗalibi ake ba, ba shi ke saye ba, kuma masu nema sun ninka guraben nesa ba kusa ba. Biza kuwa hukumomin ƙasa ke bayarwa. A Holand ma jami'ar ce ke shigar da buƙatar izinin zama a madadin ɗalibi.

Wata ƙaryar da ta fi ba ni haushi ita ce wai da ka gama za ka fara aikin lauya a Turai. Wannan digiri nazarin doka yake koyarwa da ma'aunin tattalin arziki, kamar tasirin dokar gasa ko ta kwangila a kan kasuwa. Ba lasisin tsayawa gaban kotu ba ne.

In har ka riga ka tura kuɗi, kada ka ƙara ko sisi, ko da sun ce na mayar maka da na baya ne. Adana hirarrakin da rasit, ka sanar da bankinka da 'yan sanda yau ɗin nan. In ka ba su hoton fasfo, faɗi hakan a cikin ƙorafin, don da shi suke iya buɗe asusu su damfari wani da sunanka.