Gargaɗi ga masu haɗa kwamfutar gem a Katsina: an sayar mana da katin girafik na jabu

Assalamu alaikum jama'a. Na yi kwanaki ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan, don abin da ciwo kuma da kunya. Amma da na ji wani yaro a wajen Ƙofar Marusa ya faɗa irin ramin da muka faɗa, sai na ga shirun da nake yi ya fara zama alhaki a kaina.

Ɗan yayata ɗalibi ne, da yamma kuma yana zama a rumfar cajin waya. Ya yi kusan shekara yana tara kuɗi, burinsa ya haɗa kwamfutar da zai riƙa buga wasan ƙwallo da GTA V, ya kuma koyi haɗa bidiyo a kanta. Ya bi hanyar da duk mai ƙaramin ƙarfi ke bi: ya sayi tsohuwar kwamfutar ofis tokumbo, mai Core i5 da RAM 8GB, ya rage katin girafik kawai, wato sashen da ke sarrafa hoton wasa. Ya zaɓi GTX 1050 Ti, kuma zaɓin ya yi daidai, domin katin wat 75 kaɗai yake ci, yawancinsu ba sa buƙatar wata wayar wuta ta daban, ka soka shi a madabod, wato babban allon cikin kwamfuta, shi ke nan.

A wani zauren saye da sayarwa na Facebook ya gamu da mutumin da ya sayar mana da katin, daga nan suka koma WhatsApp. Ya ce a Legas yake, kaya kai tsaye daga Sin suke zuwar masa, shi ya sa farashinsa bai kai na kowa ba. Kuɗin da ya faɗa kusan rabin abin da aka gaya wa yaron ne a Kano. Yaron ya zo ya same ni ya ce, "Kawu, ka yi mashi magana, kai ne babba." Na kira shi. Hausa yake yi tiryan-tiryan, yana ta "Alhaji" yana "babban yaya", ya ce shi ba ya cin haram, ya ma turo bidiyo ga kati a cikin kwamfuta, Windows ta rubuta sunansa ɓaro-ɓaro da 4GB ɗinsa. Sunan da ke kan asusun da ya turo ba shi ne sunan da ya gaya mini ba. Da na tambaya ya ce na ƙanensa ne. A nan ya kamata in tsaya, ban tsaya ba. Ni na cika wa yaron abin da ya rage, ni na tura kuɗin da hannuna.

Abin da ya sa damfarar nan ke cin mutane shi ne kayan yana zuwa. Bayan kwana huɗu direba ya kira mu muka je tasha muka karɓo. Kwali mai sheƙi, kati baƙi mai fanka biyu, da ɗan faifan CD a leda. Babu sunan wani kamfani da aka sani a jikinsa, ba Asus ba MSI ba Gigabyte, sai sitika kawai. Bayan magariba yaron ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ƙannensa sun yi masa zobe, ya ɗaura katin ya kunna. Hoto ya kawo. Windows ta nuna GTX 1050 Ti. Har ya kira uwarsa ta zo ta gani.

Da ya shiga wasa, ba a yi minti biyar ba hoto ya fara yayyagewa, sai wasan ya rufe kansa. Ya sake, haka. Ya sauko da manhajar katin daga shafin Nvidia, kamfanin da ke ƙera ƙwaƙwalwar irin wannan katin, ta ƙi hawa, sai ta cikin faifan nan kaɗai ke yarda. Muka kira mutumin, ya ce wutarmu ce ba ta da ƙarfi. Washegari ya ce RAM ne. Jibi ya ce a sake Windows. Mako guda cur yana juya mu, yaron yana zargin kansa, har ya fara tunanin ko kwamfutar da ya saya ce ba ta da kyau.

Daga ƙarshe na ɗauki katin na kai wa wani mai gyara da na daɗe da sani. Ko sokawa bai yi ba. Ya juya bayansa ya nuna mini wata kafa shuɗiya mai ramuka 15, ya ce, "Yallaɓai, wannan VGA ce. 1050 Ti na gaskiya ba ya zuwa da ita." Ashe tun daga jerin katunan da suka fito a 2016 Nvidia ta daina tallafa wa wannan tsohuwar kafar, sai DVI da HDMI da DisplayPort. Sannan ya ɗaura shi ya buɗe wata manhaja kyauta da ake kira GPU-Z. A gaban sunan katin ta rubuta FAKE da manyan baƙi, wato jabu. Inda ya kamata a ga 768 a adadin ƙananan injinan da ke sarrafa hoto, 192 muka gani. Ya sa sukudireba ya kwance fankar, ya goge busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwar katin da auduga, ga lamba ta fito: GF106. Ta 1050 Ti kuwa GP107 ce.

Abin da muka saya GTS 450 ne, katin 2010, mai 1GB kacal. Ana tattaro irinsu tsofaffi, a sa musu sabuwar riga, a sauya BIOS ɗinsu, wato ɗan rubutun da kati ke gabatar da kansa da shi ga kwamfuta, ya riƙa faɗin sunan da ba nasa ba. Windows ba ta da yadda za ta yi, abin da kati ya gaya mata shi take maimaitawa. Wasa kuma yana jin an ce akwai 4GB sai ya yi ta loda kaya, yana wuce 1GB ɗin da ke akwai da gaske sai komai ya rushe. Bidiyon da mutumin ya turo mana bai yi ƙarya a kan abin da allo ya nuna ba, allon ne aka riga aka yaudara. Kuma tun 2018 Nvidia ta daina fitar wa katunan wannan zamanin sababbin manhajojin wasa, shi ya sa suke haɗo ka da nasu faifan.

Na tura wa mutumin hoton abin da muka gani. Nan take ya hau salati, ya ce shi ma cutarsa aka yi, mu maido a canza mana, amma mu turo kuɗin mota na zuwa da dawowa. Wallahi saura kaɗan in tura. Mai gyaran ne ya riƙe hannuna ya ce zagaye na biyu ke nan. Yaron Ƙofar Marusa da na ambata ya tura, ya kuma mayar da katin, yanzu ba kati ba kuɗi. Ni da na ce sai dai ya fara maido kuɗinmu, kafin la'asar ya toshe lambata. Na kai ƙorafi banki da rasit da hotunan hirarmu, na kuma shigar da rahoto wurin 'yan sanda. Har yau shiru, amma duk wanda aka yi wa haka ya kai, kada ya goge hirar don baƙin ciki, ita ce shaidarsa.

Tun da na zauna a shagon nan na ga ba kati ɗaya ba ne. Akwai katin RX 580 na kamfanin AMD mai 8GB da ya cika kasuwa bayan kuɗin kirifto na Ethereum ya daina amfani da haƙa, wato sa katunan girafik aikin samar da kuɗin, a Satumbar 2022. Da yawansu sun yi shekaru suna aiki dare da rana ba hutu, an wanke su an sa a sabon kwali. Ba duka ne matattu ba, wani yana yin aiki lafiya, amma a sayar maka da shi a matsayin na hannu, da kuɗin na hannu. Akwai kuma mai 2048SP a ƙarshen sunansa, wanda ƙarfinsa na RX 570 ne, domin ƙananan injinansa 2048 ne, cikakken 580 kuwa yana da 2304. Akwai SSD, wato ma'ajiyar fayiloli, da ke nuna 1TB alhali cikinsa bai kai ko kusa ba, sai ka cika shi fayilolinka su fara ɓacewa. Manhajar H2testw tana tona wannan, CrystalDiskInfo kuma tana faɗin awa nawa ma'ajiya ta yi tana aiki. Sai masu cika baki da "i7 ce" a kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ba tare da faɗin ƙarninta ba. i7-3770 ta 2012 ce, ƙaramar i3-12100F ta 2022 ta fi ta gudu nesa ba kusa ba, kuma Windows 11 a hukumance daga ƙarni na takwas take farawa.

Wanda ya fi tsorata ni shi ne akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta. Mai gyaran ya miƙo mini ɗaya an rubuta wat 650 a jiki, na ɗaga na ji shi sakayau kamar gwangwanin da ba komai. Da irin wutarmu da ke hawa tana sauka, ga canji zuwa janareta, ga zafin watan Afrilu a Katsina, irin wannan in ya tashi mutuwa yana iya tafiya da madabod da kati gaba ɗaya. Ko a ina za ka rage kuɗi, kada ka rage a nan.

Roƙona ga matasanmu da iyayen da ke cika musu kuɗi: ba a cinikin biri a sama. Kada ka biya kuɗin kati sai an ɗaura shi a gabanka, ka buɗe GPU-Z da hannunka, manhajar Nvidia ko AMD ta asali ta hau, a kunna wasa mai nauyi ko manhajar gwajin kati ta FurMark a bar shi ya yi kamar minti ashirin kana kallo. A rubuta maka rasit da lambar jikin katin, a kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji. In kayan daga nesa ne, ka nemi wanda ka sani a garin ya je ya gani da idonsa, in kuma sunan asusu ya saɓa da na mai kaya, ka riƙe kuɗinka. Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin a gwada.

Katin yana nan a durowata, duk wanda ya zo mini da zancen haɗa kwamfuta ina ciro shi in nuna masa shuɗiyar kafar. Yaron ya koma amfani da ɗan girafik ɗin da ke cikin firosesa, ya kuma sake fara tara kuɗi. Na yi masa alkawarin rabi, tunda da sa hannuna aka yi asarar. In sun cika, in sha Allahu, tare za mu hau mota zuwa Kano, da filas mai GPU-Z a aljihunsa.