Kwafin kyauta na Mighty Like a Moose: ya isa a haska wa jama'a?

Fim ɗin barkwanci ne na zamanin da fim ba ya magana. Leo McCarey ya ba da umarni a kamfanin Hal Roach a 1926, tsawonsa bai kai rabin awa ba. Charley Chase ne mijin, haƙoransa na gaba gatso-gatso. Matar, Vivien Oakland, Allah ya hore mata ƙaton hanci. Kowanne ya je wurin likita a ɓoye aka gyara shi, suka haɗu ba su gane juna ba, sai zance ya ƙullu tsakanin miji da matarsa, kowa na zaton cin amana yake yi.

Tun ranar 1 ga Janairun 2022 haƙƙin mallakar fim ɗin ya ƙare a Amurka, shi ya sa kwafinsa ya yawaita a YouTube. Amma fa hoton ne kawai ya zama na kowa. Kiɗan da aka ɗora masa daga baya yana da mai shi, don haka wanda zai yanki guntu ya yi talla da shi a Facebook, ya cire sautin tukuna, in ba haka ba a iya toshe bidiyon.

Babbar matsalar kwafin nan ita ce yanka. Asalin hoton 4:3 ne, wato fasalin allon tsohuwar talabijin. Masu ɗorawa kan miƙe shi ya cika allon 16:9, mai faɗi irin na yanzu, ko su datse sama da ƙasa. Fim ɗin kuwa duk dariyarsa a fuska take. In kwafin ya dushe har ba a bambanta hancin da da na yanzu, labarin ya mutu. A gwada da wurin da Chase ke dambe da kansa a bakin ƙofa, yana sa haƙoran roba ya zama miji, ya cire ya zama kwarto. In ana ganin haƙoran sarai, kwafin ya yi.

Rubutun da ke fitowa tsakanin hotuna da Turanci yake, ba shi da yawa. Mutum ɗaya da makirufo ya isa ya fassara.

Wajen talla, a haɗa hoton ma'auratan kafin gyara da bayansa a fosta ɗaya. Damben ƙarshe kuwa kada a saka shi a tallar, shi ne abin da mutane za su zo gani.