Makonni shida da na'urar motsa huhu mai ƙwallaye uku

Kwana ɗaya bayan an yi mini tiyatar cire matsarmama, inda aka tsaga ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, likitar fisiyo, wato mai jinya ta hanyar motsa jiki, ta sa aka sayo mini wata ƙaramar na'urar roba mai ɗakuna uku, kowane ɗaki da ƙwallo guda a ciki, haɗe da ɗan tiyo da ake kamawa da leɓe. Zuƙar iska ake yi ta tiyon, ba hurawa ba, kuma a jikin ɗakunan an rubuta 600 da 900 da 1200, wato yawan mililitar iskar da mutum yake ja a daƙiƙa ɗaya idan ƙwallon ya tashi. Umarnin da aka ba ni shi ne in ja numfashi sau goma a kowace awa muddin idona biyu.

A rana ta biyu na ɗaga ƙwallayen uku gaba ɗaya, na kuwa nuna wa likitar ina jiran yabo, sai ta girgiza kai ta ce, "Malam, da wuyanka kake numfashi, ba da cikinka ba." Ta sa na ɗora hannu ɗaya a cibiya, ɗaya a gefen wuya, na sake ja, sai na ji wuyan ya ɗaure tamau, kafaɗuna sun tashi, cikin kuma ko motsi bai yi ba. Bayanin da ta yi mini a wannan zama ne ya sa na'urar ta yi mini amfani, domin takardar da ke cikin kwalin, wadda aka rubuta da Turanci da ƙananan haruffa, ba ta ce komai a kan wannan ba.

Babbar tsokar shaƙar iska ita ce dayafram, shamaki mai siffar kifaffiyar ƙwarya da ya raba ƙirji da ciki, wanda ya manne da haƙarƙarin ƙasa guda shida na kowane gefe da ƙarshen ƙashin ƙirji da ƙashin baya. Idan ta ɗaure sai ta sauka ta baje, ramin ƙirji ya faɗaɗa, iska ta shiga da kanta, kayan ciki kuma su turo gaba, shi ya sa cikin mai numfashi daidai yake tasowa. Jijiyar da ke ba ta umarni daga lakar wuya take fitowa, daga gaɓa ta uku zuwa ta biyar, kuma wannan ne ya warware mini wani abin da ya ɗaure mini kai, wato ciwon da na riƙa ji a saman kafaɗar dama alhali ba a taɓa wurin ba. Hanta da matsarmama suna ƙarƙashin dayafram ne, kuma idan aka fama dayafram, ƙwaƙwalwa kan ɗauka daga kafaɗa saƙon ya zo, domin jijiyoyin kafaɗa ma daga wannan yanki na lakar wuya suke fitowa.

Mataimakan dayafram su ne tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari. Mutum yana da haƙarƙari goma sha biyu a kowane gefe, tsakaninsu akwai gurabe goma sha ɗaya, kuma tsokokin da ke shimfiɗar waje a waɗannan gurabe su ne suke ɗaga haƙarƙarin. Haƙarƙarin ƙasa suna buɗewa gefe kamar yadda mariƙin bokiti yake tashi, na sama kuma suna tura ƙashin ƙirji gaba kamar hannun famfon tuƙa-tuƙa. Tsokokin wuya da na saman ƙirji 'yan gudunmawa ne kawai, ba a kiransu sai lokacin gudu ko sarƙewar numfashi, kuma su ne na riƙa wahalarwa saboda tsoron zafin ɗinki ya hana ni sakin ciki.

A nan ne nake ganin raunin na'urar. Saurin iskar take nunawa, ba yawan wadda ta shiga huhu ba, don haka fizga ɗaya mai ƙarfi tana tayar da ƙwallo na uku ba tare da iska ta kai gindin huhu ba, wurin da ya fi saurin mannewa bayan tiyata. Abin da ya yi mini aiki shi ne in zauna a miƙe, in danne ɗinkin da matashin kai, in ja a hankali har ƙwallaye biyu su tashi, in riƙe su a sama, sannan in tsayar da numfashi na daƙiƙa uku zuwa biyar. Akwai wata iri mai fistan, wato ɗan faifan da ke hawa a cikin bututu, wadda take auna yawan iskar kai tsaye, kuma da zan sake zaɓa, ita zan saya ko da ta fi tsada.

Ta fuskar ƙira ba ni da ƙorafi mai yawa. Ba ta da nauyi, ba ta buƙatar batir, bakin tiyon yana wankuwa da ruwa da sabulu, sai dai tiyon ya fara kwancewa daga mazauninsa a mako na uku, har sai na riƙe shi da yatsa. Ba zan iya rantsuwa cewa ita ce ta hana ni ciwon huhu ba, domin tun rana ta biyu aka tayar da ni ina takawa a barandar asibiti, amma ita ce ta riƙa tuna mini in ja dogon numfashi a lokacin da jikina ya fi son gajere. Duk wanda aka ba shi ita, ya nemi ma'aikacin jinya ko likitan fisiyo ya tsaya a kansa a karon farko, hannu ɗaya a cibiya, ɗaya a wuya.