Gidan waya ko hannu da hannu? Wasiƙa zuwa gidan gyaran hali

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya fito miki da maigida lafiya. Kin tambayi hanyar da ta fi dacewa ki isar da wasiƙa ga maigidanki da ke tsare. Tsakanin aika wasiƙar ta gidan waya da kai ta da kanki ranar ziyara, ni dai na gwada duka biyun, kuma shawarata ki kai da hannunki.

Ƙanena ya yi wata bakwai yana jiran shari'a a Gusau. Innarmu ba ta iya doguwar tafiya saboda ciwon ƙafa, don haka bayan Isha takan zaunar da ni, tana faɗa ina rubutawa. Labarin gero ya yi kyau, akuya ta haihu, wance ta yi aure, sai addu'a mai tsawo a ƙarshe. Da sassafe in shiga mota daga Kaura Namoda. A ƙofa na nuna katin shaida, aka rubuta sunana, na ajiye wayata, aka bincike kayana. Jami'in ya buɗe takardar ya karanta tun daga sallama har ƙarshe. Ranar farko kunya ta kama ni, don Inna ta kira ƙanena da sunan da take kiransa tun yana goye. Mutumin bai ce komai ba, ya ninke ya ce za ta isa. Ta kuma isa, domin da na koma, yaron ya tambaye ni ko akuyar tagwaye ta haifa. Ranar da aka ba shi beli, wasiƙun nan duka suna cikin wata leda a aljihunsa.

To ki sani, duk hanyar da ta bi, sai an karanta kafin ta kai ga maigidanki. Kada ma ki liƙe ambulan. Ki rubuta cikakken sunansa yadda yake a takardar kotu, ba laƙabin da ake kiransa da shi a unguwa ba, sannan sunanki da dangantakarku. Rubutun boko mai fita sosai ya fi saurin wucewa, kuma ban da zaurance ko habaici, don abin da jami'i bai gane ba yana iya riƙe shi. Maganar shari'a, wa ya yi, wa ya gani, ki bar wa lauya. Kada ki saka kuɗi, layin waya, reza ko magani a ciki. In kuɗi za ki bar masa, ki tambayi ofishin walwala yadda ake ajiyewa a rubuce.

Gidan waya kuwa, sau ɗaya na aika, ta daɗe har labarin ciki ya tsufa. Amfaninsa sai in an mayar da mutum wata jiha mai nisa, ko hanya ta yi rashin tsaro. In dole ta sa, ki yi mata rajista ki riƙe rasit. A adireshi ki rubuta sabon suna, don tun 2019 doka ta mayar da hukumar gidajen yari ta zama ta gyaran hali.

Abu ɗaya da ba ki tambaya ba. Akwai masu zagaya bakin irin waɗannan wurare, su ce miki sun san na ciki, ki kawo takarda da ɗan abin goro su shigar miki ba tare da an karanta ba. Kada ki ba su. Ko dai su cinye kuɗin su yar da takardar, ko a kama ta a jawo wa maigidanki horo. Haka masu bugo waya su ce ba shi da lafiya, a turo kuɗin magani yanzu yanzu. Wata maƙwabciyarmu ta tura, da ta je ta tarar da ɗanta lafiya lau.

Kafin ki tashi, ki sa wani ya tabbatar miki da ranaku da lokacin ziyara, don kowane gida da tsarinsa. In yaranku sun fara rubutu, ki bar kowanne ya sa layi ɗaya da hannunsa a ƙasan takardar.