Ɗan gida ko haifaffen Turai: wa zai riƙe Super Eagles?

A teburin mai shayi da ke Sabon Garin Zariya musun nan ba ya ƙarewa. Wasu na cewa a ci gaba da zawarcin 'ya'yanmu da aka haifa a Turai. Hujjarsu Ademola Lookman: a Landan aka haife shi, ya ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 da Ingila a 2017, ya dawo ya zama gwarzon Afirka na 2024. Irinsu sun zo a dafe, ci kawai za a yi. Sai dai sau da yawa sai Ingila ta ƙi kiran yaro sannan ya tuna da mu.

Ni dai ina bayan 'yan gida. Sau biyar Golden Eaglets, ƙungiyar matasan Najeriya, suka ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17, daga 1985 zuwa 2015, kuma a na ƙarshen ne Victor Osimhen ya zura ƙwallo 10 a Chile. Ahmed Musa ma a Kano Pillars ya fara suna. Amma renon ɗan gida akwai wahala: fili turɓaya, koci ba albashi, ga rigimar rage shekaru. Je ka Samaru ko Tudun Wada bayan la'asar ka ga yara na murza leda, wasu ba takalmi. Mai farautar 'yan wasa kuwa Legas yake tsayawa, da wuya ya ƙaraso Kwangila.