Fentin gilashi na Pébéo Vitrail: yadda yake aiki a yanayin Kano

Ainihin gilashi mai launi, irin na tagogin cocin Chartres a Faransa, launinsa a cikin jikinsa yake tun daga narkawa, sannan a yayyanka a haɗa da dalma. Wannan aiki yana buƙatar kayan da ba kowane mai koyo zai iya mallaka ba. Vitrail, na kamfanin Pébéo na Faransa, hanya ce mai sauƙi: fenti ne da haske ke ratsawa, ana shafa shi a kan farin gilashi ba tare da an gasa shi ba. Kwalbarsa mililita 45 ce, akwai kuma Cerne Relief mai mililita 20 da ake ja layi da shi a madadin dalma.

Gilashi mai kaurin milimita 4 ya wadatar. A goge shi tas da sifirit, domin maiƙon yatsa kaɗai kan hana fentin kamawa. A shimfiɗa takardar zanen da za a bi a ƙarƙashinsa. Dagin Arewa ya fi dacewa da ɗan koyo, saboda layukansa a rufe suke. A ja layi da Cerne Relief a kan gilashin, a bar shi ya bushe sarai. Duk inda layi ya tsinke, ko da kamar bakin allura ne, nan ja zai kwarara cikin shuɗi.

Kada a girgiza kwalbar, a juya da tsinke a hankali, in ba haka ba kumfa zai cika aikin. A kwantar da gilashin daidai, a riƙa ɗiga fentin yana malala da kansa. Jan burushi yana barin sawu, kuma fitila na tona shi nan take.

Launukansa suna da zurfi ƙwarai, musamman ja da ruwan zuma. Matsalar ita ce yanayinmu. Fentin yana ɗaukar awanni kafin ya bushe, kuma da hunturu ƙura na sauka ta manne har abada, don haka a kifa kwali mai tsabta a kansa. Da bazara kuma yana saurin kauri, gara a yi aikin da sassafe. Warinsa da ƙarfi, a bar taga a buɗe, amma a kashe fanka.

Wajen haska aikin ta baya, kada a manna fitilar LED a jikin gilashin, ƙwayoyinta za su fito ɗigo-ɗigo. A bar tazarar santimita 6 zuwa 8, a sa farar roba mai watsa haske a tsakani. Fitila mai bolt 12 ta fi, tunda batirin sola zai riƙe ta in an ɗauke wuta.

Tunda ba a gasa shi, farce ma na iya karce shi. Bai dace da tagar waje ko kofin sha ba. Ga fitilar ado da allon bango na cikin ɗaki kuwa, ya cancanci kuɗinsa.