Kod da hannu ko manhajar ja-ka-ajiye: amsa ga ɗan'uwanmu na Garwa

Malam, ka ce wani mai shagon atamfa da kuma wata makarantar Islamiyya sun nemi ka yi musu shafin intanet, kana tambaya ko ka zauna ka koyi kod, wato rubuta umarnin shafi da hannu, ko ka kama manhajar gina shafi irin Wix ko WordPress ka gama. Kafin komai ka tambayi kanka: bayan ka miƙa aikin, wa zai riƙa canza abin da ke ciki?

Idan shafi ne na bayani kawai, wato suna, hotuna, unguwa, lambar WhatsApp, wanda zai yi wata shida ba a taɓa shi ba, rubutun hannu ya fi. HTML ke tsara ƙashin shafi, CSS ke sa masa tufafi, JavaScript ba dole ba ne a farko. Kana buƙatar VS Code, manhajar rubuta kod, kyauta ne, kuma ba ya neman rezo, wato intanet. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a nan arewa: wuta ta ɗauke, batirin kwamfuta na da saura, aiki na tafiya. Ka gama ka ɗora fayilolin a GitHub Pages, wurin ajiye shafi a intanet, ba ko sisi, sai kuɗin sunan shafi na shekara idan kana son naka, misali mai ƙarewa da .cm, ko .td ga na Cadi. Irin wannan shafi ba shi da rumbun bayanai balle ƙofar shiga ta mai gudanarwa, don haka inda ɓarawo zai kama kaɗan ne. Aibinsa ɗaya ne mai girma: duk ranar da farashin turmi ya canza, kai za a kira.

A nan WordPress ke cin kasuwa. Tun 2003 yake, kuma fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kansa suke. Sakataren makaranta zai iya sa sanarwar hutu daga wayarsa ba tare da ya san ko harafi ɗaya na kod ba. Sai dai yana tafiya ne da yaren kod na PHP da rumbun bayanai na MySQL, dole ka biya masauki, wato wurin da shafin zai zauna a intanet, kuma dole wani ya riƙa sabunta shi. Galibin shafukan WordPress da ake fasawa ta tsofaffin ƙarin manhajoji, wato plugins da ake ƙara masa, ake shiga, musamman na sata da ake rabawa kyauta, waɗanda sau da yawa an riga an dasa musu ƙofar baya. Idan ka ƙara manhajar Elementor don ja-ka-ajiye, wato tsara shafi ta jawo abu ka ajiye inda kake so, kowane akwati da ka ja yana haifar da akwatuna cikin akwatuna a kod, ga fayilolin da ake saukewa ko ba a yi amfani da su ba. A Wi-Fi ba za ka lura ba. Mai saye a Marwa da rezo mai sanda biyu shi zai ji a jikinsa. Kana iya gina shafin WordPress a kwamfutarka da manhajar XAMPP ba intanet, ka ɗora daga baya.

Wix ya fi kowa saurin fito da abu mai kyan gani, amma sai da intanet ake gyara, na kyauta yana sa tallarsu da adireshinsu, na kuɗi kuma yana neman katin banki irin Visa. Mafi muni, ba ka iya kwashe shafin ka kai wani masauki. In ka tashi, sabon gini za ka fara. Ban ba ka shawarar ka ɗora wa makaranta wannan ba.

Abu biyu na cin mutane a kowace hanya. Na farko hoto: wanda waya ta ɗauka yakan kai megabayit 4, ka rage faɗinsa zuwa piksel 1200 ka mai da shi WebP, nau'in fayil ɗin hoto mara nauyi, zai sauko ƙasa da kilobayit 200. Na biyu haruffanmu masu ƙugiya, ƙ, ɗ, ɓ. Idan ba ka sa UTF-8, tsarin da ke ɗauke da haruffan harsuna, a kan shafin ba, za su zama tarkace. Idan kuma salon rubutun da samfuri, wato shiryayyen zanen shafi, ya zo da shi bai ɗauke su ba, za ka ga harafi ɗaya ya bambanta a tsakiyar kalma. Ka gwada da «ƙwarai» da «ɓarawo» tun ranar farko. Mai aiki a Kusiri ko Injamena da zai sa Larabci kusa da Faransanci yana buƙatar dir="rtl", umarnin da ke sa rubutu ya tafi daga dama zuwa hagu, kuma ba kowane samfuri ke juyawa daidai ba.

Don haka shagon atamfa: shafi ɗaya da hannu, da maɓallin wa.me zuwa WhatsApp, a ƙarasa ciniki can da Orange Money ko MTN MoMo. Makaranta: WordPress da samfuri mara nauyi, ƙarin manhajoji kada su wuce biyar, ƙarin manhajar Polylang idan ana son Hausa da Faransanci, da ajiyar kwafi kowane mako a wajen masaukin. Ka fara da shagon, domin CSS ɗin da za ka koya a can da shi za ka gyara samfurin makaranta ranar da ya karkace a allon waya. Sunan shafi kuma ka yi rajistarsa da sunan mai shi, ba naka ba, ka rubuta masa ranar ƙarewarsa a takarda.